Ranar da Ƙasa Ta Amsa wa Jirgi

Duk wanda zai rubuta tarihin yadda ɗan Adam ya koyi magana tsakanin sama da ƙasa, in bai ambaci gawon da ke bayan gidanmu ba, to littafinsa bai cika ba, ko da da zinariya aka yi masa bango. Na faɗi haka da cikakken hankalina, bayan shekara talatin da ƴan kai ina riƙe da alli a lekkol, wato makarantar boko, inda aikina shi ne hana ƴaƴan mutane faɗin abin da ba su da hujja a kansa.

Abin da ya tayar mini da maganar ƙarami ne. Shekaranjiya jikata ta sauke kasko daga wuta ta watsa masa ruwa, ya yi kukan nan da ka sani, shuuu, dogo, yana raguwa a hankali. Ina kan tabarma ina tsintar wake, sai na ji hannuna ya tsaya, kunnena ya miƙe, ina jiran wani Bature ya yi gyaran murya daga cikin kaskon. Bai yi ba. Amma ni na riga na koma shekara tara da haihuwa, da ɗankwali a karkace, a gindin gawo.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, yashi gaba, yashi baya. Mota takan ratsa mu in ta ga dama, amma jirgin sama kullum sai ya wuce ta kanmu, can ƙololuwa, kamar allura tana jan farin zare, daga arewa ya nufi Kano ko daga Kano ya nufi arewa. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin da ya haɗa mu da shi, sai da Baffa ya dawo gida.

Baffa ƙanen babana ne, autan Kaka. Shekara tara ya yi a Damagaram yana aiki a filin jirgi. Aikin kuwa shi ne korar awaki da jakuna daga hanyar da jirgi ke sauka, da yanke ciyawa in damina ta yi. A garinmu wannan ya isa a ɗauki mutum masanin sararin samaniya, shi ma bai taɓa musantawa ba. Ya dawo da bargo ɗaya, da hular ƙarfe da ba wanda ya san amfaninta, da akwatin rediyo baƙi mai nauyin ɗan akuya, wanda wani Bature mai gyaran na'urorin filin ya bar masa da zai tafi ƙasarsu. Akwatin na kama tashoshin da kowace rediyo ke kamawa. Amma can ƙarshe, in an murɗa wani maɓalli, akwai wurin da ba waƙa ba labarai, sai shuuu irin na kasko. Nan jirage ke magana.

Baffa ya ɗaura gora biyu baki da baki, ya saƙala waya a kai, ya hau gawo da kansa ya kafa, ya sauko da ƙaya a jiki da girma a fuska. Wayar nan antan yake ce mata. Ka san halin gawo, da rani yake ganye, saboda haka inuwa ta samu a daidai lokacin da ba aikin gona. Kowace safiya dattawa sukan zo da buzayensu su zauna sauraren shuuu. Har da wani tsoho maƙwabcinmu, kurma, wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Shi inuwar yake zo wa. Yakan buɗe ƴar battar tabarsa ya zuba a ƙasan leɓe, in ya ga mutane sun gyaɗa kai ya gyaɗa, in sun yi dariya ya fi kowa.

Ni ce tafinta. Ni kaɗai ke zuwa lekkol a gidanmu, ina aji uku, na san ƙidaya da gaisuwa da Faransanci. Masu jirgin da ke yin Faransanci nakan tsinci lissafinsu da bonjur ɗinsu. Masu Ingilishi kuwa, ko zo in kashe ka ban sani ba, amma ban ga dalilin da zai sa wannan ya hana ni fassarawa ba. Tun daga lokacin Kaka ta laƙaba mini Madam, kuma bakinta ya kama ni, don haka ake kiran malama a lekkol.

Abin da ya dami kowa shi ne, rabin hira muke ji. Cikin shuuu ɗin sai murya ta ɓullo, siririya, tana rawa. Mutumin ya yi gaisuwa, ya faɗi lissafinsa, ya yi shiru. Ba amsa. Can ya sake magana kamar wanda aka tambaya, ya maimaita wani lissafi, ya yi godiya. Muryar tana ƙara kauri har ta cika akwatin, a lokacin in ka ɗaga kai wataƙila ka hango farin zaren. Daga nan ta riƙa sirancewa, ta tsinke, shuuu ya rufe wurin.

Kaka ta ɗauki abin da zafi. Takan zauna nesa kaɗan da maza tana kaɗa zare, amma kunnenta na wurin. Wata safiya ta ce, “Wai wannan bawan Allah ba shi da kowa ne? Mutum ya yi gaisuwa har sau uku a share shi?” Daga ranar ta ɗora wa kanta aikin. Da matuƙi ya gaisar sai ta ce, “Lafiya lau, ɗan nan. Ya hanya?” In ya yi godiya ta ce, “Ba komai, a sauka lafiya.” Na tabbata ba jirgin da ya taɓa ratsa wata ƙasa da rakiya irin wannan.

Baffa ne ya warware mana zancen, da ƙwaryar furar Kaka. Ya kife ta a kan yashi, ya ɗora ƙwayar gero ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya ce wannan mu ne, wancan mai amsa wa jirgi ne, yana zaune cikin dogon bene a Kano ko a Damagaram. Ya ce mu kwanta mu duba, ko ɗaya na ganin ɗaya. Ba ya gani, bayan ƙwaryar ya tare. Sai ya ɗaga yatsa sama da ƙwaryar ya ce wannan jirgi ne, kowa na ganinsa, shi ma yana ganin kowa. Ya ce muryar wannan wurin ba irin ta manyan tashoshi ba ce da ke hawa sama ta daki wani rufi ta faɗo a wata ƙasa. Ita miƙe take tafiya kamar kallon ido, ba ta san kwana ba. Abin da antan ba ta hango ba, akwati ba zai ji ba. Shi ya sa jirgin da ya yi sama sosai ake daɗewa ana jinsa, wanda ya fara sauka kuwa ya ɓace da wuri, don ya shige bayan ƙwarya. Shi ya sa kuma ya sha ƙaya ya kai gorar can ƙoli.

Babana ya ce, “To in duniya ƙwarya ce a kife, furar tana ina?” Aka yi dariya, kurma ya fi kowa. Amma washegari na tambayi mushenmu, wato malaminmu, a aji, ya ɗauko ƙwallon duniya daga kan kabad, ya busa ƙurar da ke kansa, ya faɗi abin da Baffa ya faɗa da kalmomin da suka fi tsawo.

Akwai sauran magana, kuma ita ce ta kusa raba gidanmu biyu. Baffa ya ce akwai wasu safiyoyi ƙalilan a ƙarshen bazara da ƙasa kan amsa. Ya gani a filin jirgi: sai ka ji ma'aikatan bene suna mita wai muryoyin garuruwa masu nisa sun shigo musu, kuma ba a kwana uku sai hadari ya haɗu. Bature mai gyara ya gaya masa dalili. In iskar kudu mai laima ta kutso ta kwanta a ƙasa, busasshiyar iska mai zafi ta hau kanta, sai tsakaninsu ya zama kamar indararo. Muryar da ta saba miƙewa ta wuce sama sai ta lanƙwaso, ta bi bayan ƙwarya, ta sauka inda ba ta taɓa zuwa ba. Saboda haka, in ji Baffa, ranar da ka ji mai bene da kunnenka, iskar ruwa ta iso. Kafin nan duk abin da sama ta yayyafa, wasa ne.

Shekarar da nake ba ka labari ta biyo bayan wata wadda gero bai yi ba. Rumbu ya yi ƙasa har ana shiga ciki da tsintsiya. Irin shuka yana hannun Kaka, tukunya biyu, an cuɗa da toka an liƙe baki da laka, a ƙarƙashin gadonta. Irin gero ne da ta taho da shi daga gidan uwarta, gajere, mai saurin nuna, wanda ba a samunsa a kasuwa.

Ruwan farko ya sauka da wuri, da ƙamshin ƙasar nan da ke ɗauke wa manomi hankali. Baffa ya ce ƙasa ba ta amsa ba. Ba wanda ya kula shi. Aka fasa tukunya ɗaya aka shuka, gero ya tsiro kore shar, layi-layi. Sai sama ta wanke fuskarta ta yi sati uku. Muna kallo tsiron ya naɗe, ya yi fari, iska ta kwashe. Saura tukunya ɗaya. In ita ma ta bi ƴar'uwarta, ba mu da shuka a shekarar, kuma irin uwar Kaka ya ƙare a duniya.

Ruwa na biyu ya zo da la'asar, bai fi shan fura ba ya ɗauke. Babana ya tona ƙasa da hannu, laima ba ta wuce tsawon yatsa ba. Duk da haka rabin gari suka fita da sungumi, don lokaci na tafiya, kuma wanda ya makara geronsa ba zai nuna ba kafin ruwa ya janye. Babana ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka.

“Inna, a ba ni irin.”

Baffa na bayansa. Ya ce, “Yaya, ƙasa ba ta amsa ba.”

“Kai komandan awaki, rufe mini baki. Da akwati za mu ci tuwo?”

“Wancan karon ma haka ka ce, Yaya.”

Ban taɓa jin Baffa ya mayar wa babana magana ba sai ranar. Har innata ta tsayar da taɓarya a sama. Kaka ta fito ta dubi wannan ta dubi wancan, kamar mai zaɓen kaza a kasuwa. Ta ce, “Auta, kwana bakwai na ba baƙonka na cikin akwati. In mutanensa ba su amsa ba, na takwas yayanka ya shuka, kai kuma ka sauke gorar nan in yi shanya da ita.” Ta koma ciki ta jawo tukunyar ta zauna a kanta, a zahiri, ba misali nake yi maka ba.

Kwanakin nan bakwai su ne mafi tsawo a ƙuruciyata. Pil ɗin akwatin, wato baturansa, sun yi sanyi, Baffa yakan jera su a kan danga da rana su sha zafi, da safe ya mayar, su ba mu abin da ya sawwaƙa. Ya daina buɗe waƙa da labarai. Da an sallame asuba yakan ɗauki akwatin zuwa gindin gawo, ni a gefensa da muƙamina. Zafin bazara ya kai inda ƙadangare ke tafiya da ƙafa a ɗage. Gonakin waɗanda suka yi shuka suka tsiro, kuma hanyar rijiya ta tsakiyarsu ta bi, saboda haka babana sai ya gan su safe da yamma. Ya daina cin tuwo akushi ɗaya da Baffa. A gari kuwa gaisuwa ta canza. In an gamu da Baffa ba a ce masa ina kwana, sai, “Komanda, ƙasa ta amsa?” Dattawan gindin gawo suka ragu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Kurma kaɗai bai fasa zuwa ba, tunda shi ba a gaya masa an daina ba.

Kwana biyar, jirage na gaisuwa, Kaka ce kaɗai mai amsawa, ita ma daga cikin ɗaki, a taƙaice.

Safiya ta shida gari ya waye da wani irin nauyi. Ba gajimare ko ɗaya, amma tabarma ta yi danshi, kuma hayaƙin murhu ya ƙi tashi, ya kwanta yana bin danga. Kurma bai zo ba. Mu biyu ne kawai, Baffa ya manna kunne a akwatin. Wani matuƙi ya ɓullo da Ingilishi, ya yi gaisuwarsa, ya faɗi lissafinsa, ya yi shiru kamar kullum. Sai a cikin shirun nan, can ƙasan shuuu, wata murya ta motsa. Ba irin ta masu jirgi ba ce. Ba ta rawa, ba ta gaggawa, muryar mutum ce wanda ke zaune a kujera, kuma duk da Ingilishi yake yi, harshensa na mutanenmu ne, ka ji kamar yanzu zai ce madalla.

Baffa bai yi ihu ba. Ya ɗago kai daga akwatin. Ya ce, “Madam, kira Inna.” Na ruga. Kaka ta fito, abin da ya ba ni mamaki har da mayafinta a kafaɗa da takalmi a ƙafa, kamar mai shirin fita. Babana ya biyo ta, innata ta biyo shi da ludayi a hannu. Muka tsaya. Matuƙin ya sake magana, mai benen ya amsa masa, wannan karon sarai, suka yi ta miƙa wa juna lissafi har suka yi sallama.

Kaka ta ce, “Ashe yana da mutane.” Ta juya wajen babana. “Ɗauko sungumi.”

Babana ya dubi sama, fes take kamar an share. Ya ce, “Inna, binne za mu yi a busasshen yashi saboda wani ya yi Turanci a Kano?”

Ta ce, “Ni na haife ka ko kai ka haife ni?”

Da dutsen niƙa ta fasa lakar bakin tukunyar. Har yau ina jin ƙamshin tokar nan da tsohon gero. Babana da Baffa suna gaba suna sara, mu muna baya da ƴan ƙorai muna jefa iri muna rufewa da diddige. Yashin na ƙona tafin ƙafa. Kafin azahar tukunyar ta koma wofi, Kaka ta kife ta a bakin gona. Duk abin da muka mallaka yana ƙarƙashin ƙasa, sama kuwa ko kunya ba ta ji.

Ranar ba ruwa. Washegari ba ruwa, kuma mai benen ya koma bayan ƙwaryarsa. Baffa ya rame a kwana biyu kamar wanda ya yi jinyar wata. Rana ta uku bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, ta karya gora ɗaya daga kan gawo, sannan ruwa ya sauka irin wanda ba a tona ƙasa a auna shi. Ya yi har magariba, ya sake bayan kwana huɗu, daga nan damina ta zauna. Waɗanda suka shuka da ruwa na biyu, wasu tsironsu ya kai, wasu sai da suka nemi iri suka sake. Namu ya fito gaba ɗaya. Da yamman ruwan nan na ga babana ya tura akushi gaban Baffa ya ce, “Ci, komanda.” Bai ƙara da awaki ba. A gidanmu wannan shi ne ban haƙuri.

Da girbi Kaka ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika ta ware, tukunya uku. Irin yana nan har yau a gonar ƙanena.

Na yi karatu daga baya, na tarar Baffa bai yi ƙarya ba. Abin yana cikin littattafai, da zane da sunaye masu wuyar faɗa. Sai dai littattafan sun ƙara wani abu da Bature mai gyara bai gaya masa ba, ko ya gaya masa ya manta: lanƙwasar murya shaida ce cewa laima ta iso, ba alkawarin ruwa ba ce. Na ji daɗi da ban san haka ba ina shekara tara, don da bakina ba zai yi shiru ba.

Yanzu gawon ya faɗi, an yi turame da shi. Baffa da babana da Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya. Manoman garinmu a waya ake aiko musu labarin ruwa, su karanta, su ɗaga kai su dubi gabas, su yi abin da dā ma suka yi niyya. Ɗana da ke aiki a Magarya ya nuna mini taswira a wayarsa, ƙananan jirage rawaya suna rarrafe a kai. Ya ce mutane ne a ƙasashe suke kafa ƴan akwatuna a kan rufin gidajensu suna kama siginar jirage suna tarawa, kuma inda ba mai akwati a kusa, wani lokaci jirgin yakan ɓace daga taswirar sai ya kusa wani gari. Na ce ya nuna mini sararin Dungas. Ya ce nan ba kowa. Na ce masa a dā akwai, har da mai amsa gaisuwa. Akwatin Baffa yana ɗakina a kan kabad, bai ƙara cewa ko shuuu ba, ina goge shi ranar Juma'a. Ban ga abin kuka a ciki ba. Mun ci gero, mun ji Kano da kunnenmu, ba kowane gida ke da wannan ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma tunda na yi alkawarin hujja sai in faɗa. Shekarar da Kaka za ta rasu, ina tsefe mata kai, na tambaye ta me ya sa safiyar nan ta fito da mayafi da takalmi tun kafin ta ji muryar. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce kada in gaya wa Auta. Ta ce ita tun da asuba ta leƙa ta danga ta ga kurma ya wuce gona da sungumi a kafaɗa, kuma a shekara arba'in ba ta taɓa ganin ya shuka sau biyu ba.

Shi kuwa kurma, tabar da ke cikin battarsa ce ta sha laimar iska ta yi laushi.